Kabu-kabu a Gidigir: a yanka masu wuri kafin a yanka masu tikiti

Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba 1 daga Damagaram zuwa Gure a ranar da kasuwar Gidigir ke ci, ya san yadda bakin kwalta ke zama: manyan motoci na lodin dabbobi, amalanke na sauke kaya, su kuwa 'yan kabu-kabu kowa ya kafe babur ɗinsa inda ya hango fasinja, har mai tafiya a ƙasa ya rasa wurin sa ƙafa. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, wa ke da ikon cewa ga inda abin hawan haya zai tsaya, ga inda ba zai tsaya ba?

Kada mai karatu ya zaci matsalar ta ƙauye ce. Manyan biranen duniya sun sha ta da kekunan haya marasa tasha, waɗanda mutum ke buɗewa da wayar salula, ya hau, ya ajiye duk inda tafiyarsa ta ƙare. A ƙasar Sin, kamfanonin Ofo da Mobike sun zuba miliyoyinsu a tituna, har a 2017 hukumomin birane suka shiga kwashe su suna jibgewa a fili kamar dalar gyaɗa. A birnin Paris, kamfanin Gobee.bike ya shigo a ƙarshen 2017, ya tattara ya bar Faransa a watan Fabrairun 2018, yana kuka da sata da ɓarna. Sai a watan Disamban 2019 dokar ƙasar ta bai wa hukumomin gari ikon ba kamfanonin izini tare da gindaya masu sharuɗɗa. Wato sai da ruwa ya ci gari kana aka tuna da gina madatsa.

Mu a nan ba kamfani ne ya kawo mana baburan ba, rashin aiki ne da nisan ƙauyuka. Yaron da damina ba ta ciyar da shi ba, ko wanda ya dawo daga cin rani a Najeriya ko Libiya da 'yan kuɗinsa, babur yake saya, ko ya karɓa daga hannun wani mai hali bisa sharaɗin ya riƙa kawo wani abu kowace rana. Shi ke ratsa rairayi ya kai mai naƙuda likita tsakar dare, shi ke ɗauko mai dabino daga kwari zuwa kasuwa, a hanyoyin da ƙaramar mota ba ta ko gwada shiga. Saboda haka masu cewa a hana su baki ɗaya ba su auna maganar ba. Jihar Difa da ke maƙwabtaka da mu ta ga hanin hawan babur a 2015, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci saboda Boko Haram. Dalilin tsaro ne, ba mai musu, amma samari da yawa sun wayi gari ba sana'a. A Kano ma an hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Me ya biyo baya? A Daidaita Sahu ta cika gari, rigimar ta koma tsakanin direbobinta da hukumar KAROTA, har suka yi yajin aiki a watan Fabrairun 2021 a kan harajin naira 100 na kullum, Kanawa suka sha tafiyar ƙasa.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ƙananan hukumomi da yawa a ƙasar nan suka fahimci kalmar tsari. A wurinsu tsari shi ne tikiti. Mai karɓar haraji ya fito da safe da takardunsa, ya yaga, ya karɓa, shi ke nan aiki ya ƙare; ba rumfa, ba filin tsayawa, ba rajistar da za a buɗe in an kaɗe yaro an gudu. Alhali kuwa tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Yulin 2004, kula da kasuwa da tasha da kiyaye lafiyar jama'a a cikin gari na daga cikin nauyin da aka ɗora wa magajin gari. A watan Afrilun 2024 an rusa majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi, amma nauyin yana nan kan duk wanda ke zaune a kujerar.

Ba a bukatar kuɗin wani furoje kafin a soma. A zauna da shugabannin 'yan kabu-kabu da sarkin tasha da dattawan kasuwa, a ware filin tsayawa nesa kaɗan da kwalta, ta yadda fasinja zai san inda zai nufa, direban babbar mota kuma ya samu hanya. Kowane mai haya a rubuta sunansa da na mai babur ɗin, a ba shi lamba a bayan riga. Wannan ba baƙon abu ba ne: 'yan zemijan na Kwatano da rigarsu mai ruwan ɗorawa aka san su shekara da shekaru. Amfanin lambar ya fi komawa ga shi yaron, domin ita za ta raba shi da ɓarawon da ke fakewa da sana'ar, ita kuma za ta tsaya masa in ya haɗu da jandarma a hanyar daji. Batun hular kwano da takardar tuƙi yana nan, sai dai wanda ba a san sunansa ba, ta ina za a bi a tilasta masa?

Su ma 'yan kabu-kabun da nasu laifin. Ɗora mutum uku da buhu a kan babur guda, ko sakar wa yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba ya yi haya, ba talauci ne ke sa shi ba, ganganci ne. In aka ba su fili suka ƙi tsayawa, a ci su tara, a kuma ba su takardar shaidar biya mai hatimi.

Game da harajin kuwa, roƙonmu ga hukumar Gidigir da sauran ƙananan hukumomin gundumar Gure shi ne, duk ƙarshen wata a manna takarda a ƙofar ofis, da Faransanci da Hausa da Barbarci, a faɗi nawa aka tara daga 'yan kabu-kabu, nawa aka kashe a kan rumfarsu.