Sharhi: Abin da Wuta ta Bari Shi ke Tayar da Dajin Arewacin Duniya

Idan dai ba a manta ba, a shekarar 2023 wutar daji ta cinye kimanin hekta miliyan 15 a ƙasar Kanada, wato faɗin da ya ninka Jihar Kano fiye da sau bakwai. A watan Yunin shekarar hayaƙin wannan wuta ya turnuƙe birnin Niyok na Amurka har rana ta koma ja, sannan a watan Agusta aka kwashe mazauna garin Yellowknife, su kusan 20,000. Kafin nan, a shekarar 2021, hayaƙin gobarar yankin Yakutiya da ke Saiberiya ya kai har ƙuryar arewacin duniya. A shekarar 2025 kuma wutar ta sake cin fiye da hekta miliyan 8 a Kanada. Kafofin watsa labarai sun fi mai da hankali ga harshen wuta da yawan gidajen da suka ƙone. Mu kuwa a wannan sharhi za mu duba tambayar da ke biyo baya idan toka ta huce: mene ne zai tsiro a wurin, kuma dajin da zai dawo shi ne wanda ya tafi?

Wannan daji, wanda Rashawa ke kira taiga, ya yi wa arewacin duniya ɗamara tun daga Alaska da Kanada, ya ratsa Norwe da Suwidin da Finlan, har ya dangana da gabashin Rasha. Ya ƙunshi kusan kashi 30 cikin 100 na dazuzzukan duniya. Duk da wannan girma, ire-iren itatuwansa kaɗan ne ƙwarai. Mutum zai iya shafe ɗaruruwan kilomitoci yana tafiya, irin itatuwan da zai ƙirga da ƙyar su kai goma. Mafi yawansu masu ganye kamar allura ne, irin su fayin da sifurus, sai kuma 'yan kaɗan masu faɗin ganye kamar asfen.

Arzikin tsirran wannan daji a ƙasa yake, ƙarƙashin inuwa. A nan ake samun gajerun tsirrai masu 'ya'ya, da ciyayi, da gansakuka mai kauri da ta shimfiɗu kamar darduma, da wani farin tsiro mai saurin karyewa da masana ke kira laikin. A shekarar 2005 wasu masana biyu da ke aiki a Suwidin, Marie-Charlotte Nilsson da David Wardle, sun tattara hujjojin da ke nuna cewa waɗannan ƙananan tsirrai suna da babban tasiri a kan irin itacen da zai tsiro da kuma saurin ruɓewar ganye. Tun a 2002 wani bincike da mujallar Nature ta buga ya nuna cewa wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a jikin gansakuka suna janyo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi taki. Har ila yau, gansakukar ce bargon da ke kare daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashinta daga zafin rani. Mafi yawan sinadarin kabon da dajin ya tara yana cikin wannan ƙasa ne da ruɓaɓɓen ganyen da ya taru cikin dubban shekaru.

Ya kamata mu fahimci cewa wuta ba baƙuwa ba ce a wannan daji, tsohuwar abokiyar zama ce. Akwai wani nau'in fayin a Kanada da ke rufe irinsa cikin kwanso da ƙaro, ba ya buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 50, sa'annan irin ya zubo a kan toka. Baƙin sifurus shi ma yakan adana irinsa a ƙololuwa na shekaru da dama yana jiran irin wannan rana. Asfen kan tofo daga saiwa ko da gangar jikin ta ƙone ƙurmus. Akwai kuma wani fure mai launin shunayya da iska ke watsa irinsa, wanda kan riga kowa mamaye ƙonannen wuri, har yankin Yukon ya ɗauke shi a matsayin furensa na alama. A taƙaice, dajin na farfaɗowa ne daga abin da wuta ta bari: iri, da saiwa, da kututture, da sauran ƙasar da ba ta cinye ba.

To, a nan ne gizo ke saƙa. A shekarar 2021 Farfesa Jennifer Baltzer ta Jami'ar Wilfrid Laurier da ke Kanada tare da abokan aikinta sun fitar da sakamakon nazarin wurare fiye da 1,500 da wuta ta ci daga 1989 zuwa 2014. Sun gano cewa a kashi 38 cikin 100 na wuraren baƙin sifurus bai koma matsayinsa na da ba, a kashi 18 kuwa bai sake tsirowa ba sam. Wannan itace ne da ya shafe dubban shekaru yana komawa gurbinsa bayan kowace gobara.

Dalilai biyu ne suka fi fitowa fili. Na farko shi ne zurfin ƙuna. Idan fari ya tsananta, wuta kan ci gansakuka da ruɓaɓɓen ganye har ta tarar da tsurar ƙasa, kuma a irin wannan fili ƙananan iri na itatuwa masu faɗin ganye, da iska ke kawowa daga nesa, su ke yin galaba. Na biyu shi ne taƙaituwar lokaci tsakanin gobara da gobara. Sifurus na bukatar gomman shekaru kafin ya tara isasshen iri. Idan wuta ta dawo tun yana ƙarami, sai ta tarar da rumbu babu komai a ciki. Masana a Finlan sun nuna a 2022 cewa tun daga 1979 yankin Aktik na ɗumama da saurin da ya kusa ninka na sauran duniya sau huɗu, don haka babu alamar waɗannan dalilai biyu za su yi sauƙi nan kusa.

Sai dai adalci ya sa mu kawo ɗaya ɓangaren. Farfesa Michelle Mack ta Jami'ar Arewacin Arizona ta bi diddigin wuraren da babbar gobarar Alaska ta 2004 ta ci, kuma a binciken da mujallar Science ta buga a 2021 ta nuna cewa inda masu faɗin ganye suka gaji sifurus, saurin girmansu kan sa su tara kabon da zai iya zarce wanda wutar ta fitar, idan aka ba su shekaru kamar ɗari. Ba su kuma da saurin kama wuta. Wannan albishir ne, amma da sharaɗi a cikinsa, wato a samu waɗannan shekaru ɗarin. Bugu da ƙari, ganyen da suke zubarwa kan danne gansakuka, kuma dajin da ya rasa gansakukarsa wani daji ne dabam, da wasu tsirrai da wasu dabbobi.

Darajar lokaci ta fi bayyana a wasu tsibirai 30 da ke tabkunan Hornavan da Uddjaure a arewacin Suwidin, inda Wardle da abokan aikinsa suka daɗe suna nazari. Aradu ta fi faɗa wa manyan tsibiran, saboda haka sun fi yawan ƙonewa, alhali wasu ƙananan sun kai shekaru 5,000 ba su ga wuta ba. A waɗannan ƙananan ne aka sami ire-iren tsirrai mafi yawa da kuma kabon mafi kauri a ƙasa. Shi kuwa laikin, wanda shi ne abincin barewar ƙanƙara a lokacin hunturu, yakan ɗauki gomman shekaru kafin ya dawo. Ga makiyayan Sami na arewacin Turai, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan garken wannan dabba, rasa shi daidai yake da rasa makiyaya.

Wannan ya kawo mu ga abin da ke hannun hukumomi. Ba kowace wuta ake iya kashewa a daji mai wannan faɗi ba, amma gatari a hannun mutum yake. Sarar kan mai uwa da wabi, wadda ke kwashe itatuwa duka a kuma kafce ƙasa da injuna, tana raba wuri da matattun itatuwa da tsirran inuwa waɗanda ko wuta kan bar wasu. A lardin Alberta na Kanada an kafa wani gwaji mai suna EMEND a ƙarshen shekarun 1990, inda aka sare wasu filaye ƙarƙaf, wasu kuma aka bar musu kashi 10, ko 20, ko 50, ko 75 cikin 100 na itatuwansu, da niyyar bin su har tsawon shekaru 80 zuwa 100. Abin da ya bayyana zuwa yanzu shi ne, gwargwadon itatuwan da aka bari, gwargwadon yadda tsirran ƙasa ke ci gaba da kama da na dajin asali. A Suwidin ma, bayan gobarar Västmanland ta 2014, hukuma ta keɓe wani babban yanki na ƙonannen dajin ta hana a kwashe kututturansa. A can ne wani fure da irinsa ya daɗe kwance a ƙasa yana jiran zafi ya fito da yawa.

A ganinmu, darasin a fili yake. Bai isa a auna farfaɗowar daji da yawan itatuwan da suka tsaya ba, tilas a duƙa a duba abin da ke ƙasa. Wajibi ne dokokin sarar itace su tanadi rabon da za a bari, a rage gaggawar kwashe ƙonannun itatuwa, a kare tsofaffin dazuzzukan da suka rage, sannan gwamnatoci su ci gaba da ɗaukar nauyin binciken da sakamakonsa zai fito bayan waɗanda suka fara shi sun kau.

Kada kuma nisan wuri ya sa mu ɗauka abin bai shafe mu ba. Masana na hukumar NASA sun ƙiyasta a 2024 cewa gobarar Kanada ta 2023 ta saki kimanin tan miliyan 647 na kabon, adadin da ƙasashe uku kacal, wato Sin da Amurka da Indiya, ke zarce shi a shekara ta hanyar ƙona mai da kwal. Iskar da ta ɗauki wannan kaya ba ta san iyakar ƙasa ba, kuma masu iya magana sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Manomin da ke fama da tsananin zafi da rikicewar damina a yankinmu na Sahel yana da rabo a cikin abin da zai tsiro a kan tokar Alberta da Yakutiya.