Tiyatar zuciya: Me ya sa danne kumburi gaba ɗaya bai rage mace-mace ba?

Da zarar an ce wani wuri ya kumbura, abin da ke fara zuwa mana shi ne neman maganin da zai sace shi. A ganina wannan tunani na buƙatar gyara, kuma ɗakin tiyatar zuciya ne ya fi nuna dalili.

Tun shekarar 1953, lokacin da Dokta John Gibbon ya yi nasarar amfani da na'urar da ke maye gurbin zuciya da huhu a Filadelfiya ta Amurka, likitoci ke iya tsayar da zuciya su gyara ta. Sai dai jini na fita ya bi ta cikin bututun roba, kuma jiki na ɗaukar hakan a matsayin farmaki. Nan take ƙwayoyin garkuwa ke sakin wasu ƙananan furotin masu kai saƙo da ake kira sitokin, irin su IL-6 da IL-8 da TNF.

Idan suka yi yawa, jijiyoyin jini na yoyo, ruwa ya taru a huhu, ƙoda ta raunana. Har kusan mutum ɗaya cikin uku na iya samun rauni a ƙoda bayan irin wannan aiki.

Saboda haka aka yi tunanin a danne kumburin da magani mai ƙarfi. A Holan an gwada deksametason a kan mutum 4,494, aka fitar da sakamako a 2012. A 2015 kuma aka fitar da na wani gwajin a kan mutum 7,507 da aka yi da metilfrednisolon. Duka biyun ba su nuna raguwar mace-mace ta a zo a gani ba. Gwajin na biyu ma ya nuna ƙarin alamun rauni a tsokar zuciya.

Masu goyon bayan maganin na da hujja: a gwajin Holan an samu raguwar matsalar numfashi da kwanakin zaman asibiti. Wannan gaskiya ne. Amma babban abin da iyalai ke jira a bakin ƙofa, wato ran ɗan'uwansu, bai canja ba.

Wani ɓangare na dalilin shi ne sitokin ba duka ke ɓarna ba. IL-10 aikinsa kwantar da tarzomar. Shi kansa TNF fuska biyu gare shi. Binciken Farfesa Sandrine Lecour a Jami'ar Cape Town ya nuna cewa kaɗan daga cikinsa na kunna hanyar da ke taimaka wa ƙwayoyin zuciya jure ƙarancin jini, mai yawa kuma na kashe su. Kamar gishiri ne a miya. A Jamus kuma an lura cewa waɗanda furotin MIF ya fi hauhawa a jininsu bayan tiyata sun fi tsira daga raunin ƙoda.

Kenan wanda ya kashe saƙon baki ɗaya, ya kori ɓarawo ya haɗa da maigadi.

Ina ruwanmu da wannan? Yawancin yara da matasan da ake yi wa gyaran ƙofofin zuciya a yankinmu, ciwon ya samo asali ne daga ciwon maƙogwaro na ƙwayar bakteriya da ba a magance ba, har garkuwar jiki ta juya kan zuciya. Tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Najeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, amma har yau iyalai na sayar da gona da fili don kai ɗansu Indiya ko Masar.

A lokaci guda, deksametason na nan a kemis kamar gyaɗa. Wasu na shan sa don ciwon gaɓoɓi, wasu a cikin haɗin sha-ka-fashe don ƙiba. Shan sa na dogon lokaci na hana jiki samar da nasa sinadarin jure wahala, yana ɗaga sukari, yana jinkirta warkewar rauni. Wanda ya ɓoye wa likita hakan, jininsa na iya faɗuwa ana tsakiyar aiki. Diklofenak da ibufrofen su ma na wahalar da ƙodar da tiyata za ta gwada.

Shawarata uku ce. Idan ɗanka na fama da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, kai shi asibiti. Idan an sa maka ranar tiyata, tattara duk abin da kake sha, har da na gargajiya, ka ajiye gaban likita, kuma kada ka daina deksametason lokaci ɗaya ba tare da saninsa ba. Sannan ka tambaye shi yadda za a kula da ƙodarka bayan aikin.

Hukumomi kuma su hana sayar da waɗannan magunguna ba tare da takardar likita ba.