Ra'ayinmu: A Auna Tsohuwar Azurfa Kafin A Raba Gado



Ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa idan tsohuwa ta rasu akan tarar da ƙullin tsofaffin kuɗi a ƙasan adakarta: sulalla, da daloli, da liyari. Sai magada su rabu gida biyu. Wasu su ɗauke su tarkace, su sayar wa dillali da arha. Wasu kuwa su zaci sun tono taska, su faɗa hannun 'yan damfara. Duka biyun jahilci ne, kuma haƙƙin maraya da na matalauci ne ke salwanta a tsakani.

Hanyar ƙiyasi ba boyayya ba ce. Abubuwa uku ake nema: nauyin kuɗin, da yawan azurfar da ke cikinsa, da farashin giram ɗaya na azurfa a ranar.

A fara da duba shekara. Sulalla da dalolin da Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingila ta buga daga 1913 zuwa 1919 suna da azurfa kashi 92.5 cikin 100. Sabon sule giram 5.66 ne, dala kuwa giram 11.31. A 1920 aka rage azurfar, sa'an nan aka koma gaurayen tagulla. Sulen Nijeriya na 1959, duk farinsa, babu azurfa a cikinsa. Na Ingila kanta sun koma rabi azurfa daga 1920 zuwa 1946, daga 1947 kuma babu ita sam.

Shi kuwa liyari, mai hoton Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, wanda fatake suka yawaita shigo da shi ta Sahara a ƙarni na 19, nauyinsa giram 28 ne da ɗan kai, tsantsar azurfarsa kusan giram 23.4. Kada shekarar 1780 da ke jikinsa ta ruɗi kowa. Shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma da ita aka ci gaba da buga shi a Biyana, da Landan, da Roma, da Bombai. Saboda haka mafi yawansa darajar azurfarsa ce darajarsa.

Sa'an nan a auna, kada a tsaya ga ƙirga, domin kuɗin da ya daɗe yana yawo a hannun jama'a ya gogu, nauyinsa ya ragu. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama tagulla ma, don haka ba hujja ba ne shi kaɗai. A kai wa amintaccen maƙerin farfaru ya gwada. Kada a kankare kuɗin don ya yi ƙyalli, domin idan yana cikin masu wuyar samu, gogewa da huji suna zubar da abin da masu tara kayan tarihi za su ƙara a kai.

Me ya sa muka damu? Domin azurfa dukiyar zakka ce. Nisabinta dirhami 200, wanda malamai da yawa suka ƙiyasta da giram 595, abin fitarwa kuma ɗaya cikin 40 idan shekara ta kewayo. Wato liyari 26 marasa goguwa sun cika nisabi, haka ma kimanin sule 114 na kafin 1920. Mai liyari 30 yana da kusan giram 702, zakkarsa giram 17 da rabi. Malamai sun saɓa a kan kayan adon da mace ke sawa, amma kuɗin da aka ƙulle aka ajiye ba ado ba ne.

Haka nan cinikinta yana da hukunci. Azurfa da azurfa sai nauyi ya zo daidai, kuma hannu da hannu. Idan da naira ko sefa za a saya, lalle ne a biya a wurin; bashi a nan ƙofar riba ce. Dillalin da ya san 1918 azurfa ce, ya ce wa gwauruwa tagulla ce, ya ci haram ko da ta sallama da bakinta.

Saboda haka muna kira ga masu rabon gado da kada su raba irin waɗannan kuɗi da ka. A ware su shekara-shekara, a auna a gaban shaidu, a tambayi farashi wurin mutum fiye da ɗaya, a rubuta. Muna kuma kira ga malaman Islamiyya na matan aure su koyar da wannan lissafi, domin a ɗakunan iyayenmu mata dukiyar take.

Allah Ya tsare mu daga cin dukiyar marayu, Ya tsarkake mana abin hannunmu. Amin.