Muryar Malam a Memori: Wa Ke da Haƙƙi, Wa Zai Amsa Tambaya?

Duk wanda ya bi ta gefen kasuwar Arzèkè a Parakou, ko ya ratsa Zongon Djougou da yamma, ya san rumfunan nan: ɗan tebur, tsohuwar kwamfuta, lasifika, da saurayi yana karɓar waya yana mayarwa. Ka ba shi ɗan canjin da bai kai kuɗin zem ba, ya cika maka memori. A memori ɗaya za ka tarar da tafsirin azumin bara, da ƙira'a, da fim ɗin Kano, da fassarar Indiya-Hausa. Daga nan kayan su hau WhatsApp, su shiga zauren masallaci, da na dangi, da na ɗaliban jami'a. Mun saba da abin har mun daina tambayar kanmu: wannan murya ta wa ce, kuma in ta jawo fitina wa za a tambaya?

Maganar fim ita ce mai sauƙi, bari mu fara sallamarta. Benin tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2006, akwai kuma hukumar BUBEDRA da aka ɗora wa kula da haƙƙin mawallafa da mawaƙa. Kwafar aikin wani ana sayarwa ba da izininsa ba laifi ne a dokar ƙasa. A ɓangaren Shari'a ma ba sabuwar magana ba ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba 1988, ta yanke a ƙuduri na 43 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ce da Shari'a ta kare, ba ya halatta a taɓa ta. Mun kuma ga abin da satar fasaha ta yi wa masu fim a Kano. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, har masu shirya fim suka koma dogon zango a YouTube, irin su Labarina da Izzar So, inda talla ke biyan su gwargwadon masu kallo. Wanda ya kalli fim a tashar mai shi ya biya shi ko da bai ciro ko dala ba. Wanda ya karɓa a rumfa kuwa mai rumfa kaɗai ya biya. Ko fim ɗin ya dace a kalla ko bai dace ba wata muhawara ce daban, kuma rashin dacewarsa ba ya halatta cin guminsa.

Wa'azi fa? Nan ne ake samun tirjiya. Da ka ɗauko maganar haƙƙin mallaka a gaban 'yan'uwa, sai a ce maka ilimi na Allah ne, an yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓoye shi, kuma babu malamin kirki da zai hana a yaɗa karatunsa. Gaskiya ne, kuma akwai malaman da suka saɓa wa ƙudurin Kuwait a kan wannan hujja. Mu kanmu da kaset muka tashi. Tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da na Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi sun iso garuruwan nan ne ta rediyo da jakar fatake, ana kwafa daga kaset zuwa kaset, babu wanda ya nemi izini, babu kuma wanda ya yi ƙara.

Sai dai haƙƙin mai magana kashi biyu ne, mu kuwa ɗaya kawai muke kallo. Akwai haƙƙin kuɗi, wanda malami yana iya yafewa, kuma mafi yawansu sun yafe. Akwai kuma haƙƙin a jingina masa maganarsa, a kuma bar ta yadda ya faɗe ta. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Benin ke cikinta, ta ambaci lacca da huɗuba a jerin ayyukan da ake karewa, ta kuma ce ko mutum ya sayar da haƙƙinsa na kuɗi, yana da ikon hana a gurɓata aikinsa ko a datse shi ta yadda zai zubar masa da mutunci. Turawa sun rubuta wannan a takarda, amma malaman hadisi sun riga su da ƙarnuka: wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma cikakken lafazin ke nan ko an yanke?

Kaset yana da wata kariya da ba mu lura da ita ba sai da ya tafi. Tsawonsa awa ɗaya ne ko awa ɗaya da rabi, kuma wanda ya saye shi yakan ji karatun daga farko zuwa ƙarshe. Yau abin da ke yawo daƙiƙa arba'in ne. Malami yana tafsiri, ya kawo hujjar masu tsattsauran ra'ayi don ya rusa ta, sai wani ya yanki hujjar ya bar rusawar. Ko a ɗauko tsohuwar magana ta shekara goma da aka yi a kan wani al'amari na Najeriya, a manna mata rubutu da Faransanci a ce jiya aka yi ta a kan hukumomin nan. Ko a sa hoton wani malami a kan muryar wani. Wanda ke raye yana iya fitowa ya ce ba haka na faɗa ba, ko da yake gyaran ba ya taɓa kamo ɓarnar a gudu. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a 2007, ba shi da wannan dama, ga shi kuwa muryarsa na cikin waɗanda aka fi yankawa ana turawa. Yanzu ma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke kwaikwayon muryar mutum su sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

A arewacin Benin wannan ba wasa ba ne. Tun ƙarshen 2021 ake kai hare-hare a jihohin Alibori da Atacora, kuma shari'ar ta'addanci tana hannun kotun CRIET. A irin wannan yanayi, guntun wa'azi da aka datse yana iya sa a yi wa limamin unguwa wani irin kallo, ko a kira shi komisariya ya yi bayani, alhali shi ne ya kwashe shekaru yana hana matasa bin waccan hanya.

Wasu za su ce to gwamnati ko kamfanin ya tace mana abin da ke yawo. Kamfanin ba ya gani. Tun watan Afrilu 2016 WhatsApp ke kulle kowane saƙo daga waya zuwa waya: ana rufe shi a wayar mai turawa, ba ya buɗuwa sai a wayar mai karɓa, kuma MTN ko Moov ko Celtiis ba sa iya karanta abin da suka ɗauko. Daga cikin abin da kamfanin ya yi akwai rage gudu. A 2019 ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a lokaci ɗaya, a 2020 kuma saƙon da aka yi ta turawa ya koma wuri ɗaya tak. Indiya ta kafa doka a 2021 da ke neman a riƙa gano wanda ya fara tura saƙo, WhatsApp ya kai ƙara kotu yana cewa hakan daidai yake da fasa kullen ga kowa.

Mu ba ma goyon bayan a fasa shi. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma ƙofar da aka buɗe don kama mai ƙarya ita ce za a bi a karanta cinikin ɗan kasuwa da maganar miji da matarsa. Ba mu kuma manta ba cewa a Satumba 2018 an ɗora harajin dala ɗaya a kan kowane mega na WhatsApp da Facebook, sai da jama'a suka yi ca aka janye shi cikin 'yan kwanaki, kuma ranar zaɓen 'yan majalisa, 28 ga Afrilu 2019, an yanke intanet a ƙasar. Wanda ya ga wannan zai yi tunani sau biyu kafin ya miƙa mabuɗin wayarsa.

Amma ɗalibanmu su fahimci iyakar kullen nan. Yana kare saƙo ne a kan hanya kawai. Da zarar ya sauka a zaure mai ɗaukar mutum har 1,024, kowa a cikinsu yana iya ɗaukar hoton fuskar wayarsa, ga lambarka a sama ɓaro-ɓaro. Dokar harkokin intanet ta Benin, Code du numérique ta 20 ga Afrilu 2018, a sashe na 550, ba ta tsaya ga wanda ya ƙirƙiri labarin ƙarya a kan wani ba, ta haɗa da wanda ya tura shi gaba: ɗaurin wata ɗaya zuwa wata shida, ko tarar sefa 500,000 zuwa miliyan ɗaya, ko duka biyun. "Yadda na samu haka na tura" ba ta fid da kowa a gaban alƙali, kamar yadda ba ta fid da shi daga umarnin da ke cikin wannan sura na a tantance labari kafin a yi aiki da shi.

Wannan sashe kuma yana da kaifi fiye da kima. Da shi aka kama ɗan jarida Ignace Sossou a Disamba 2019, bayan ya wallafa kalaman mai gabatar da ƙara na kotun Kwatano daga wani taron bita. Zargin shi ne ya cire maganar daga muhallinta. Aka yanke masa wata 18, kotun ɗaukaka ƙara ta rage, ya fito a Yuni 2020 bayan wata shida a kurkuku. Ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF ta fito da sautin taron tana cewa kalaman da ya rubuta su ne aka faɗa, wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ce tsarewar ba bisa ƙa'ida take ba. Abu biyu muke ɗauka a nan. Idan ɗan jarida mai lauyoyi da ƙungiyoyin duniya a bayansa ya yi wata shida, ɗalibin da ke kula da zauren masallaci bai kamata ya ɗauka shi ba za a waiwaye shi ba. Sannan abin da ya wanke sunan Sossou a idon jama'a cikakken sauti ne da aka ajiye.

Nan ne aikin kwamitocin masallatai yake, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Kowane karatu a naɗe shi cikakke, mai gabatarwa ya faɗi rana da masallaci da sunan malami a farkonsa da bakinsa, a ajiye asalin a wuri biyu. Malamin ya faɗi sharaɗinsa a fili: na yafe a kwafa, a raba kyauta, ban yarda a datse ba, ban yarda a sa wa maganata wani kai ba. In ana son gajeren yanki don matasa, masallacin ya yanka da kansa, malam ya saurara ya amince. Masu kula da zaure kuma su sa ƙa'ida: guntun sauti marar rana da wuri ba ya kwana a zauren.

Saura samarin rumfa. Ba ma ganin hikima a ce a kore su, domin da yawansu abincinsu ke nan, kuma su ne ke kai karatu ƙauyukan Donga da Borgou inda kuɗin mega ya fi ƙarfin mutane. Masallaci yana iya ba su cikakken karatun da hannunsa, da izini rubutacce, su karɓi ladar aikin turawa, da sharaɗin kada su yanka. Fim ɗin Kano ne ba mu da ikon yafewa a madadin masu shi. Wannan sai masu shirya fim da BUBEDRA sun samar da hanyar da mai rumfa a Parakou zai biya lasisi da sefa, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwar Zongo, waɗanda ke da ƙafa a Kano, su ne suka fi cancanta su buɗe wannan magana.