Labarin Ban Tsoro Yana Buƙatar Ƙurunƙus



Koke ya yawaita a bakin iyaye a nan Sabangali game da littattafan ban tsoro da 'ya'yanmu ke karantawa a waya: labaran aljanu, mayu, fatalwa da ƙungiyoyin asiri, waɗanda ake rubutawa a Kano da Kaduna, su iso Njamena ta WhatsApp da Wattpad, ko a saurare su a YouTube. Wasu na ganin a hana su baki ɗaya. Ni ban goyi bayan hanin ba, amma akwai sharaɗi guda da ya wajaba mu tsare.

Jin daɗin tsoro ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Kakanninmu sun tara jikoki da daddare sun ba su labarin Dodo mai haɗiye mutane, yara na maƙale wa juna, gobe kuma su roƙi ƙari. Da rubutun boko ya zo, aljanu ba su tsaya a baya ba: suna cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933. Larabawa ma haka suke. Ahmad Khalid Taufiƙ, likitan Masar da ya rasu a 2018, ya shafe shekaru yana rubuta jerin labaran ban tsoro ga matasa, kuma da yawansu ta hannunsa suka kamu da son karatu. Ahmad Sa'adawi na Iraƙi, a littafinsa na 2013 kan Bagadaza, ya ƙago halitta da aka harhaɗa daga gaɓoɓin waɗanda bom ya kashe, ya bayyana da ita baƙin cikin yaƙi fiye da yadda rahoton jarida zai iya.

Mu nan muna da wani dalili na daban. Yaronmu yana karatu da Faransanci ko Larabci, yana ciniki a kasuwa da Larabcin Chadi. Ba kasafai ake koya masa karanta Hausa a aji ba. Idan har labarin fatalwa ya sa yarinya ta zauna ta bi shafi ɗari da harshen iyayenta, ta samu abin da makaranta ba ta ba ta ba. Wanda ya ƙwace wannan daga hannunta, da me zai musanya mata?

Ga inda gizo ke saƙar. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita. Ana buɗe ta da “ga ta nan ga ta nanku”, a rufe ta da “ƙurunƙus”, kuma ba a yin ta da rana. Yaro ya san an shiga duniyar ƙage, an kuma fito. Labaran waya da yawa sun zubar da wannan shinge. Wani marubuci zai rantse tun a layin farko cewa abin ya faru da gaske, don ya ƙara masu bibiya. Kuma sau da yawa mugun labarin kamanninsa ɗaya ne: tsohuwa matalauciya mai zaman kaɗaici, ko kishiya, ko baƙon da ya tare a unguwa kwanan nan.

Duk wanda ya zauna a zauren sasanci ya san ƙarshen wannan. Damina ta shigo, sauro ya yi yawa a bakin kogin Shari, zazzaɓi ya kama yaro har ya yi jijjiga yana sambatu, ya ambaci sunan maƙwabciya. Nan take a ce ta kama kurwarsa, a nemi ta zo ta tsallaka shi. Awannin da ya kamata a kai shi asibiti sun tafi a rigima, ita kuma an shafa mata tabon da zai bi 'ya'yanta har wurin neman aure. Littafi bai ƙirƙiro camfin maita ba, amma wanda ya kwana yana karanta shi a matsayin gaskiya ya fi saurin nuna yatsa.

Mun yi imani da samuwar aljanu, akwai sura sukutum da sunansu a Alƙur'ani. Sai dai Suratu Saba'i ta nuna ba su san gaibu ba, tunda Annabi Sulaimanu (AS) ya rasu suna ta aiki ba su sani ba. Suratul Hujurati kuma ta hane mu da mummunan zato. Ƙagaggen labari ba hujja ba ne a kan kowa.

Saboda haka ina kira ga marubuta su faɗa a fili cewa ƙage ne, su kuma daina jingina mugunta ga talauci da tsufa. Iyaye kuwa, maimakon ƙwace waya, mu tambayi yaro me ya karanta, ya ba mu labarin da bakinsa, sa'annan mu rufe masa da ƙurunƙus kamar yadda aka yi mana. Tsoron ya tsaya a shafi, maƙwabciya ta kwana lafiya.

Allah Ya sa mu dace.