Jama'ar Ƙaura, Shinkafi da Zurmi, Mu Bar Kututture Ya Yi Tofo

Ya ku manoman Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, lokacin sharar gona ya ƙarato. Don Allah kafin kowa ya wasa gatarinsa, ku ba ni aron kunnuwanku.

Iskar bazara tana kwashe mana ƙasar gona, matanmu suna shan tafiya neman itacen girki, dazukan Sububu da Dumburum kuwa rashin tsaro ya raba mu da su. Gonakin bakin gari ne suka rage mana, su ma kowace shekara mu aske su ƙwal, mu cinna wuta.

'Yan uwanmu na Maradi sun sha wannan wahala. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sarewa duk shekara suna da saiwa mai rai. Manoma suka karɓi aikin, suka kira shi sassabin zamani. In kututturen kalgo ko sabara ya fitar da tofo da yawa, sai ka zaɓi uku ko biyar masu ƙarfi, ka sare sauran, ka rage rassan ƙasa. Ba saye, ba ban ruwa. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 suka dawo a kudancin Nijar ta wannan hanya, a fili mai faɗin hekta miliyan 5.

Ai ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu ba sa taɓa gawo a gona, don sun san da damina yake kakkaɓe ganye ya bar gero ya sha rana da taki, da rani kuma ya ciyar da bisashe.

Gulbin Maradi daga Katsina ya taso, ya ratsa Nijar, ya komo Rima, inda ruwan Gagare da Bunsuru ke zuba. Don haka hamadar da ta ci gonar mutanen Maradi za ta ci tamu. Tun 1971 akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, ya kamata ta sauko ƙauye.

Iyayenmu hakimai da dagatai, ku tara sarakunan noma da arɗo-arɗo a yi doka: itacen da mutum ya raina a gonarsa nasa ne, wanda ya sare ya biya, burtali kuma a bar shi a buɗe. Limamai ku faɗa a huɗuba. Ku gayyato manoman Madarunfa ta ƙasar Maradi ranar Alhamis, kasuwar Shinkafi, su nuna mana da hannu. Kai kuma manomi, bana ka bar kututture goma a gonarka.