Filin Uwargida: Shanyar Damina da Injin Busar da Kaya

 

Duk macen da ta taɓa goyo a watan Agusta ta san wahalar shanya. Ki wanke zanen goyo da nafkin tun da safe, kafin azahar hadari ya taso, a kwashe a kai ɗaki, washegari a sake fito da su suna warin danshi. Ga yunifom ɗin boko, ga hijabin Islamiyya wanda dole ya bushe kafin la'asar. To, a 'yan shekarun nan an fara jin sunan injin busar da kaya a bakin matanmu, musamman waɗanda suka ziyarci 'yan'uwa a Abuja ko Kano suka gani, har wasu iyaye sun fara tunanin sa shi cikin kayan ɗakin amarya. Shi ya sa na ga ya dace mu yi lissafinsa tun kafin wata ta sayar da tunkiyarta a kansa.

Aikin injin nan ɗaya ne: ya dumama iska ya hura ta cikin jiƙaƙƙen kaya yana juya su har ruwan ya fita. Dumama iska kuwa shi ne abin da ya fi komai shan wuta a gida, kamar dai hita da dutsen guga. Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai bututu, wanda yake fitar da iskar mai danshi waje ta taga; shi ya fi araha. Akwai mai tara ruwan a cikin wani ɗan mazubi da za ki riƙa zubarwa. Waɗannan biyun kowanne yakan ja wat 2,000 zuwa 3,000, kuma cika ciki ɗaya na kayan auduga yakan cinye yunit 4 ko 5 na wuta. Na ukun, wanda za ki ga an rubuta heat pump a jikinsa, cikinsa kamar na firji yake, da kwamfireso da gas. Maimakon ya zubar da zafin, sai ya tatse ruwan daga iskar ya sake mayar da ita cikin kayan. Shan wutarsa bai cika wuce rabin na sauran ba, sai dai ya fi su jinkiri, ya kuma fi su tsada nesa ba kusa ba.

Bari mu sa kuɗi a ciki. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa N225 a kan kowane yunit, daga baya a cikin shekarar ya dawo wajen N210. A wannan farashi, busarwa ɗaya mai cin yunit 4 ta tashi N840. In sau uku za ki kunna a mako, kin haura N10,000 a wata, ban da firji, ban da fanka. Mai kwamfireso zai tsaya wajen N5,000. Amma ki lura da wani abu da mai shago ba zai gaya miki ba. Baturiya a Ingila tana kunna nata kusan duk shekara, saboda haka rangwamen wutar yakan biya mata tsadar injin. Mu kuwa daga Yuni zuwa Satumba ne kawai muke da matsalar shanya. Rangwamen N5,000 sau wata 4 ya zama N20,000 a shekara. Ki kwatanta da tazarar kuɗin injinan biyu a shago ki ga shekara nawa za ki yi kafin ki mayar.

Wannan ma fa ga mai wuta ke nan. Mu da muke Anka da Gummi da Bukkuyum, ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kowa ya san yadda wutar take zuwa in ta ga dama. Ƙaramin janaretan nan da ake kunna wa kwan fitila da talabijin bai kai wat 1,000 ba, ba zai iya tayar da injin mai bututu ba ko kusa. Sai babba, shi kuma yakan sha lita ɗaya ko fiye a cikin awa guda idan an ɗora masa nauyi, ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda fetur ya koma. A ƙona fetur don a busar da zane a garin da rana take dafa mutum wata takwas a shekara, ni dai ina ganin wannan ya shiga babin almubazzaranci.

Ga wadda take zaune a birni mai wuta, ko take sana'ar wanki da guga tana son kayan mutane su fita a kan lokaci, ba laifi ta saya, amma ta buɗe ido. Ta duba takardar shan wuta da ke manne a jiki. Tsofaffin na Turai suna da maki daga A mai alamar tarawa uku zuwa D, sababbi kuma tun Yulin 2025 an mayar da su daga A zuwa G, kuma daga lokacin dokar Tarayyar Turai ta ture masu shan wuta da yawa daga shagunansu. Don haka idan aka nuna miki na gwanjo mai araha, ki tambayi kanki dalilin da ya sa masu shi suka rabu da shi. Ki guji wanda aka ƙera don Amurka, tsarin wutarsu daban ne da namu, kuma manyansu sukan ja wajen wat 5,000. Ki nemi mai na'urar jin danshi wanda yake tsayawa da kansa idan kaya sun bushe. Kuma kada ki biya kuɗi sai kin san wanda zai gyara shi, domin mai kwamfireso ba ya jure wutar da take hawa da sauka, in ya lalace kuma sai an nemi mai gyara a Gusau ko Sakkwato. Bayan kowace busarwa a cire audugar da take taruwa a rariyar ƙofa; barin ta yana ƙara shan wuta, yana kuma jawo gobara. A 2019 sai da kamfanin Whirlpool ya janye dubban ɗaruruwan injinansa a Birtaniya saboda irin wannan haɗari.

Abin da nake ba yawancinmu shawara a kai shi ne matsewa. Injin wanki mai baki biyu, wanda gefe guda yake wanki gefe guda yake juya kaya da ƙarfi ya tsane su, ɓangaren matsewarsa 'yan ɗaruruwan wat kawai yake ja, na minti biyar, ƙaramin janareta ko sola mai ɗan ƙarfi za su ɗauke shi. Fitar da ruwa ta hanyar juyawa ya fi fitar da shi ta hanyar zafi araha ninkin-ba-ninkin. Kayan da aka matse haka, ko da hadari, iskar rumfa ta ishe su. Wadda ba ta da shi ta naɗe jiƙaƙƙen kayan jariri cikin busasshen tawul ta murɗa, za ta sha mamaki. Sannan a ɗaura igiya ta biyu a ƙarƙashin rumfa ko baranda inda iska take ratsawa, a bar tazara tsakanin kaya, kada a ninka zane gida biyu a kan igiya.

Inda nake so mu daɗe shi ne shanya a ƙasa, wadda har yanzu ake yi a ƙauyukanmu, a kan yashi ko ciyawa ko danga. Akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a ƙasa mai inuwa, musamman inda aka yi fitsari, yana kuma yi a jikin kayan da ba su gama bushewa ba. Cikin kwana 1 zuwa 3 ƙwan yake ƙyanƙyashewa, tsutsar ta jira a sa rigar, ta huda fata ta shige. Sai uwa ta ga wani ƙurji kamar maruru a bayan yaro ko cinyarsa, da ɗan rami a tsakiya, yaro yana ta kuka. Maganin abin tun farko shi ne shanya a igiya a cikin rana, da guga ciki da waje, musamman kayan ciki da na jarirai. Dutsen gugan gawayi ya wadatar. Idan ƙurjin ya riga ya fito, a kai yaro asibiti, kada a tsokale shi da allura.

Na biyun ya fi wannan ciwo, kuma mu mutanen wannan yanki ba mu buƙatar a tuna mana. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinyar yara a nan, Bagega kuma sai a 2013 aka kankare ƙasarta. Ƙurar nan ba ta da wari, ba a gane ta da ido, kuma tana biyo tufafi. Idan maigida ko ɗanki yana aikin haƙar zinare, ya tuɓe kayan aikin ya yi wanka tun kafin ya shigo ya ɗauki yaro. Kada a kakkaɓe kayan a tsakar gida. A wanke su daban, a bokitinsu daban, a zubar da ruwan nesa da rijiya da inda yara suke wasa, kuma mai ciki ta bar wa wani wannan wanki. Kada a shanya kayan yara a ƙasa kusa da inda aka taɓa niƙa dutse. Zafin inji ko na rana ba ya kashe dalma, domin ƙarfe ce. Juya irin waɗannan kaya a inji ɗaya da na jariri ma raba ƙurar ne kawai.

Haka batun tsarki yake, tunda ɗalibaina matan aure sukan yi wannan tambaya. A mazhabarmu ta Malikiyya ruwa mai tsarki ne yake gusar da najasa daga tufa. Zanen da yaro ya yi wa fitsari, ko ya bushe ƙayau a rana ko a inji, yana nan da najasarsa sai an wanke wurin da ruwa kafin a yi salla da shi.

Da hunturu kuwa matsalar juyawa take yi: kaya su bushe cikin awa ɗaya, amma ƙura ta mayar da farar shadda ja. A juya baibai kafin a shanya, a kwashe da zarar sun bushe, masu launi kuma a sa su a inuwa don kada rana ta cinye musu kala.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.